Lambar da Ta Iso Bayan An Watse

Ranar 9 ga Maris, 2008, a birnin Balensiya na ƙasar Sifaniya, aka yi tseren ƙarshe na mita 1,500 na mata a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya wadda ake yi a rufaffen fili. Yelena Soboleva ta Rasha ce ta fara tsallake layi, cikin minti 3 da daƙiƙa 57.71, gudun da wata mace ba ta taɓa yin irinsa a irin wannan fili ba. 'Yar ƙasarsu Yuliya Fomenko ta biyo ta, Gelete Burka ta Habasha ta zo ta uku da minti 3 da daƙiƙa 59.75, sai Maryam Yusuf Jamal mai wakiltar Baharen ta rufa mata baya ƙafa da ƙafa. Aka rataya lambobi, aka kaɗa taken Rasha, kowa ya kama gabansa. Ba a cika wata biyar ba, ranar 31 ga Yuli, ana saura kwana takwas a buɗe gasar Olamfik ta Beijin, hukumar IAAF mai kula da wasan ta dakatar da matan Rasha bakwai, har da Soboleva da Fomenko. Ba ƙwaya aka samu a jikinsu ba. An gwada ƙwayoyin halitta na DNA da ke cikin fitsarin da suka bayar a shekarar 2007 da wanda aka karɓa daga gare su a wani lokaci dabam, sai aka tarar ba daga jiki ɗaya suka fito ba, wato fitsarin wasu aka miƙa da sunansu. A watan Yuli na 2009 kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne ta hana su tsere na shekara biyu da wata tara, ta kuma soke duk abin da suka ci tun daga watannin Afrilu da Mayu na 2007. Lambar zinare ta Balensiya ta koma hannun Burka, ta azurfa ta koma hannun Jamal.

Tambayar da wannan lamari ya bari ta wuce filin wasa. Idan aka karɓe wa mutum haƙƙinsa a bainar jama'a, sannan bayan shekara ɗaya ko goma aka aiko masa da shi a takarda, shin an yi adalci? Wasu suna ganin da zarar an gyara sunaye a kundin tarihi magana ta ƙare, mai gaskiya ya sami nasa, sai a yi gaba. Wasu kuma suna ganin duk hidimar ihu ce bayan hari, tunda ranar ta wuce kuma ba za ta dawo ba. Ina ganin ɓangarorin biyu sun kauce, kuma daga wuri ɗaya suka kauce, domin dukansu sun ɗauka cewa sanarwar alƙali ce ke haifar da haƙƙi. Abin da nake son tabbatarwa shi ne haƙƙin Burka ya tabbata tun lokacin da ta tsallake layi, kafin ita kanta ta sani. Saboda haka mayar mata da shi wajibi ne komai daɗewa, kuma saboda wannan dalilin dai abin da aka mayar mata wani yanki ne na bashin, sauran yana nan a wuyan waɗanda suka ci shi.

Tushen maganar yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Uwar Muminai Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, kuma wani kan fi wani iya tsara hujja, don haka duk wanda aka yanka wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta aka yanka masa. Daga nan mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, suka fitar da cewa hukuncin alƙali yana zartuwa a kan zahiri, amma ba ya mayar da haram halal ga wanda ya san gaskiyar lamarin. Alƙalan Balensiya sun yi hukunci da abin da agogo da na'urar ɗaukar hoto suka nuna musu, babu laifi a kansu. Sai dai hukuncinsu bai mallaka wa Soboleva komai ba. Ta riƙe lambar, an rubuta sunanta, an tafa mata, amma a dukan watannin nan kayan wata ne a hannunta. Idan har hukuncin Manzon Allah da kansa bai halatta wa mai ƙarya abin da ya samu da ƙarya ba, ina ga sanarwar da aka yi ta lasifika a zauren wasa? Wannan ne ya sa nake cewa kotun Lausanne ba ta ba Burka kyauta ba, kuma ba ta ƙirƙiri sabon sakamako ba. Ta gano mai kayan ne kawai.

Mai karatu na iya cewa an ɗora wa wasa nauyin da ya fi ƙarfinsa, tsere ai shagala ce, ina haɗin ta da hukuncin haƙƙi da zalunci? Littattafan fiƙihu ba su ɗauke shi haka ba, domin sun ware wa tsere babi nasa. Ibn Umar ya ruwaito cewa Annabi ya shirya tseren dawaki a Madina, ya raba waɗanda aka horar da waɗanda ba a horar ba, kowane rukuni da nisan zangonsa. An kuma ruwaito hani ga dabaru biyu da mahaya ke yi, na sa wani ya bi bayan doki yana yi masa tsawa, da na jan wani doki a gefe don a sauya idan na farko ya gaji. A cikin littafin Abu Dawud akwai labarin tseren ƙafa da ya yi da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Wanda ya raba dawaki bisa horonsu, ya kuma hana doki na biyu, ya nuna cewa daidaiton sharaɗi shi ne ran tsere. Na san akwai masu karatu da ke da magana a kan suturar da matan nan ke gudu da ita da kuma cakuɗar maza da mata a wurin kallo, kuma magana ce mai nauyi da ke da muhallinta. Amma duk matsayin da mutum ya ɗauka a kanta, ba ya sa cutar da aka yi wa wata ta zama halal. Zalunci ba ya tambayar suturar wanda aka zalunta, ba ya tambayar addininsa.

Kuma abin da ke kan layin ba tafi kaɗai ba ne. A wannan gasa wadda ta zo ta ɗaya tana karɓar dala 40,000, ta biyu 20,000, ta uku 10,000, wadda ta kafa sabon tarihin duniya kuma ana ƙara mata 50,000. Bayan wannan akwai kuɗin gayyata zuwa sauran gasanni da yarjejeniya da kamfanonin takalma, waɗanda duk suna hawa da sauka gwargwadon launin lambar da ke wuyan mutum. Shekarun ƙarfin 'yar tsere ba su da yawa, kuma da yawa daga cikinsu, musamman 'yan gabashin Afirka, gida guda suke ɗauke da shi. Wannan sana'a ce, algus a cikinta algus ne a cikin abincin wani.

Ƙalubalen da ya fi kowanne ƙarfi daga yanayin tseren kansa yake fitowa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A tseren mita 60 kowace 'yar tsere tana da layinta, daga fari har ƙarshe ba ta taɓa kowa, don haka idan aka cire ɗaya sauran suna nan yadda suke. Matsakaicin zango ba haka yake ba. Zagayen rufaffen fili mita 200 ne, rabin na waje, da kwanoni masu tsauri da aka karkata su don kada gudu ya watsar da mutum. Mita 800 zagaye huɗu ne, mita 1,500 zagaye bakwai da rabi, mita 3,000 zagaye goma sha biyar, kuma a cikinsu duka 'yan tseren suna dunƙulewa ne a layin ciki. Miƙaƙƙen wurin da za a iya wuce wata gajere ne, wadda ta buɗe waje a kwana ta ƙara wa kanta tafiya, wadda aka toshe ta a ciki kuma tana iya zama da ƙarfinta cik amma babu ƙofar fita. Kowace tana karanta numfashin ta gabanta da takun ta bayanta. Idan aka ja tseren da sauri tun farko, masu dogon numfashi ne ke cin riba. Idan aka yi ta jan ƙafa, masu zafin gudu a zagayen ƙarshe ne ke ɗauka. To a Balensiya mata huɗu ne suka gama ƙasa da minti huɗu, kuma biyu na gaba su ne aka cire. Mai ƙalubale zai ce, da ba su shiga ba, wa ya san irin tseren da za a yi? Tsakanin Burka da Jamal ko ƙiftawar ido babu, da an yi tseren a hankali wataƙila Jamal ce za ta ci, ita da ta lashe kambun duniya na wannan zango a Osaka a 2007. Har ma lokacin nan na Burka, a cikin zafin wancan tseren ta yi shi. Don haka, in ji shi, jerin sunayen da aka gyara labarin wani tsere ne da ba a taɓa yi ba, an maye ƙarya da ƙage.

Na yarda da rabin wannan magana, rabin da ke cewa babu wanda ya san abin da zai faru da an yi tseren ba tare da su ba. Wannan gaibu ne, kuma duk wanda ya ce ya san shi ya yi ƙarya. Inda mai ƙalubalen ya zame shi ne da ya zaci gyararren sakamakon yana da'awar sanin wannan gaibu. Ba ya cewa da babu Soboleva Burka ce za ta ci. Abin da yake cewa shi ne a cikin matan da suka cika sharaɗin shiga tseren, Burka ce ta fara isa layi a ranar 9 ga Maris, kuma wannan abu ne da ya faru a gaban idon jama'a. Tsere alkawari ne kafin ya zama gudu. Duk wadda ta tsaya a layin farawa ta amince za ta miƙa jikinta a gwada, kuma a kan wannan amincewar sauran suka yarda su kara da ita. Wadda ta warware alkawarin a ɓoye tana cikin filin, amma ba ta cikin gasar, kamar wanda ya shiga sahu yana sane ba shi da alwala: ya tsaya, ya yi ruku'u, ya yi sujada tare da mutane, amma bai yi salla ba, kuma rashin sanin na kusa da shi bai sa ya yi ta ba. Tasirin da ta yi a kan saurin tseren gaskiya ne, sai dai yana cikin jerin cutarwar da aka yi wa sauran, ba zai juya ya zama hujjar barin lambar a hannunta ba. In ba haka ba, da sai ya zama gwargwadon yadda mai algus ya dagula tsere, gwargwadon yadda ya tsira da abin da ya ci.

Duk da haka rabin da na yarda da shi yana da nauyi, kuma shi ne ke rushe ra'ayin masu cewa magana ta ƙare. A babin ƙwace malaman Malikiyya sun tsara yadda ake mayarwa: idan abin yana nan a mayar da shi kansa, idan ya halaka kuma irin wanda ake awo ko ma'auni ne a biya kwatankwacinsa, idan ba shi da kwatankwaci a biya ƙimarsa. Lambar ƙarfe tana nan, ana iya mayar da ita ko a ƙera wata. Kuɗi yana da kwatankwaci. Amma tsayuwa a kan dakalin girmamawa a daren da aka yi gudun, gaban cikakken zaure, ana kaɗa taken ƙasarka, ba shi da kwatankwaci kuma babu wanda ya san ƙimarsa. Haka kuma ƙarfin zuciyar da nasara ke zuba wa 'yar tsere kafin gasa ta gaba, da shawarar da ta yanke a kan horonta saboda ta zaci ita ce ta gaza. Akwai ma waɗanda gyaran ba ya kai wa gare su ko kaɗan. Kafin tseren ƙarshe an yi na share fage, kuma gurbi biyu da matan Rasha suka cike na wasu mata biyu ne da suka koma wurin 'yan kallo. Babu takardar da za a aika musu, domin babu wanda zai iya cewa ga matsayin da za su samu. Ƙa'idar malamai ita ce abin da ake iyawa ba ya faɗuwa saboda wanda ba a iyawa, don haka a mayar da lamba da kuɗi da suna. Amma kada a kira wannan cikakken biya. Wanda ya kira shi haka ya ƙara wa wanda aka cuta wata cutar, ta hana shi ko da faɗin cewa yana bin bashi.

Ƙalubale na gaba na masu son a rufe ƙofa ne. Suna cewa idan kowane sakamako yana iya warwarewa bayan shekaru, to babu sakamako ke nan, kuma wadda aka ɗaga yau ana iya saukar da ita gobe. Suna da misali mai ciwo. Tatyana Tomashova tana cikin bakwai ɗin nan na 2008. Ta gama wa'adinta ta dawo, ta zo ta huɗu a tseren mita 1,500 na Olamfik ta Landan a 2012. Da aka ƙwace zinare da azurfa daga 'yan Turkiyya biyu, Asli Cakir Alptekin da Gamze Bulut, sai zinaren ya koma hannun Maryam Jamal, wadda karo na biyu ke nan ana mayar mata da haƙƙinta a makare, ita kuma Tomashova aka ɗaga ta zuwa azurfa. A 2024 aka sake kama ta da laifin ƙwayoyin ƙara kuzari daga gwajin tsofaffin samfura, aka karɓe azurfar. Shekara goma sha biyu ana kwance tsere guda ana ɗaurewa. Wannan abin takaici ne, ban musa ba. Amma amsarsa tana cikin wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari a kan aikin alƙalanci, inda ya hore shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau, domin gaskiya ta riga hukuncin zuwa, kuma komawa gare ta ya fi dogewa a kan ɓata. Ɗaga Tomashova da aka yi daidai ne bisa hujjar da ke hannu a lokacin, saukar da ita ma daidai ne bisa hujjar da ta zo daga baya. Alƙalin da ya gyara sau biyu ya fi wanda ya ƙi gyarawa don kada a ce ya yi kuskure.

Ban ce a bar ƙofa a buɗe har abada ba. Dokar hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta ba da shekara goma don tuhumar ɗan wasa, bayan da ta kasance takwas kafin 2015, kuma gwargwadon haka ake adana samfuran jini da fitsari don a sake gwada su idan ilimi ya ƙaru. Wanda ya san kotunan shari'a a arewacin Najeriya zai tuna da hauzi, wato idan wani da ba ɗan'uwa ba ya riƙe gona ko gida shekara goma yana gini yana rushewa, mai shi yana nan yana gani bai ce uffan ba, alƙali ba zai saurari ƙararsa ba. Hikimar ɗaya ce, shaidu suna mutuwa, hujja tana lalacewa, kuma dole mutane su zauna lafiya da abin da ke hannunsu. Amma a lura da sharuɗɗan da malamai suka gindaya. Hauzi ba ya aiki a kan wanda ba ya nan, ko wanda bai sani ba, ko wanda tsoro ya rufe wa baki, kuma ba ya amfanar wanda aka san da ƙwace ya shiga. 'Yar tseren da aka cuta ba ta yi shiru don yarda ba, ba ta da hanyar sani ne. Wa'adin shekara goma yana rufe ƙofar kotu saboda raunin hujjar ɗan Adam, ba ya wanke lambar da ke rataye a ɗakin wadda ta san yadda ta same ta.

Wannan ƙa'ida ta bin hujja tana yanka ta kowane gefe, kuma dole a karɓe ta ko da ba ta yi daɗi ba. Da aka soke tarihin da Soboleva ta kafa a Balensiya, sai tarihin duniya ya koma kan minti 3 da daƙiƙa 58.28, wanda ita ɗin dai ta kafa a Mosko a watan Fabrairu na 2006, kafin lokacin da hukuncin ya shafa. Sunanta ya zauna a kundin har zuwa Fabrairun 2014, lokacin da Genzebe Dibaba ta Habasha ta yi minti 3 da daƙiƙa 55.17 a Karlsruhe ta Jamus. Mutane da yawa sun ji haushin wannan, na kuma fahimci haushinsu. Amma babu hujja a kan gudun 2006, kuma Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Hannun da ya karɓe mata na 2008 da hujja, shi ne ya bar mata na 2006 don rashin hujja. Da an soke shi a kan zato, da babu abin da zai kare Burka ko Jamal ranar da wani ya yi musu nasa zaton.

Saura maganar tausayi, kuma ba ƙarama ba ce. Waɗannan mata ba su kaɗai suka ƙulla abin ba. Musanya fitsari aiki ne da ke buƙatar hannaye da yawa, kuma abin da ya fito daga baya ya nuna zurfin ramin. Bayan shirin da gidan talabijin na ARD na Jamus ya watsa a watan Disamba na 2014, kwamitin bincike ƙarƙashin Dick Pound ya tabbatar da tsararren maguɗi a wasan guje-guje na Rasha, aka dakatar da ƙasar a Nuwamban 2015. Shi kansa shugaban IAAF na 1999 zuwa 2015, Lamine Diack ɗan Senegal, wata kotu a Paris ta same shi da laifin cin hanci a 2020 saboda rufa wa 'yan wasan Rasha asiri. Yarinyar da ta tashi a hannun kociyan da ke miƙa mata ƙwaya, a ƙarƙashin hukumar da ke sayar da shiru, laifinta bai kai na manyan da suka ci da guminta ba, kuma shari'a ta san cewa tilas tana rage zunubi. Sai dai rage zunubi daban, mallakar kayan wani daban. Ko wanda aka tilasta masa ɗaukar kayan maƙwabcinsa, idan tilas ta kau dole ya mayar. Kuma daga cikin 'yan tseren Rasha an sami wadda ta nuna cewa hanyar fita tana nan. A gasar rufaffen fili ta nahiyar Turai da aka yi a Paris a 2011, Yevgeniya Zinurova ta Rasha ta ci mita 800, Jenny Meadows ta Birtaniya ta zo ta biyu, Yuliya Rusanova ta Rasha ta zo ta uku. Daga baya an soke sakamakon 'yan Rashan biyu, Meadows ta zama zakara. Rusanovar nan ita ce Yuliya Stepanova, wadda bayan an dakatar da ita a 2013 ta amsa laifinta, ta naɗi maganganun kociyoyi da 'yan wasa a ɓoye tare da taimakon mijinta Vitaly, abin da ya zama ginshiƙin shirin ARD, ya kuma raba ta da ƙasarta. Ba ta iya mayar wa kowa ranar Paris ba, amma ta tare cutar daga waɗanda ke tafe.

Malamai sun ce tuba daga laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tana da sharaɗi uku, dainawa da nadama da ƙudurin ba za a koma ba, amma idan akwai haƙƙin wani mutum sai an ƙara na huɗu, a mayar masa da abinsa ko a nemi ya yafe. A nan ne dokar wasanni ta tsaya gajere, domin wa'adin dakatarwa horo ne tsakanin 'yar wasa da hukuma. Wadda ta gama shi ta fita daga hannun hukuma, amma ba ta fita daga hannun wadda ta tsaya a bayanta a kan dakali ba, kuma abin da ba shi da kwatankwaci babu mai sauke shi sai yafewar mai shi. Su ma hukumomin akwai nasu kason. Tsarin da ake bi shi ne a raba wa waɗanda aka cuta kuɗin kyauta idan an iya karɓo shi daga mai laifi, ni kuwa ina ganin hukumar da ta shirya gasa ta sayar da tikiti ta yi alkawarin gwaji ita ya kamata ta fara biya, sannan ta bi mai laifi bashinta. Abin da aka yi wa Alysia Montaño ta Amurka ya fi kusa da daidai, domin lambobin tagulla biyu na mita 800 da ta cancanta tun 2011 da 2013 an rataya mata su a filin gasar duniya ta Doha a 2019, gaban jama'a. A bainar jama'a aka karɓe, a bainar jama'a ya kamata a mayar.

Abu mafi muhimmanci da ke hannun hukuma shi ne lokaci. Jinkirin da ke zuwa kafin hujja ta bayyana uzuri ne, amma wanda ke zuwa bayanta ya shiga cikin abin da hadisi ya kira zalunci, wato mai hali ya ja wa mai binsa bashi rai. 'Yan Najeriya sun ɗanɗani wannan. A Olamfik ta Sidni a shekarar 2000, 'yan tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a bayan Amurka. A watan Mayu na 2008 Antonio Pettigrew na tawagar Amurka ya amsa a gaban kotu cewa ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari, a watan Agusta kwamitin Olamfik na duniya ya karɓe zinaren daga Amurka, amma bai tabbatar wa Najeriya da shi ba sai a watan Yuli na 2012. Sunday Bada, wanda ya lashe mita 400 a gasar rufaffen fili ta duniya a Paris a 1997, ya rasu a watan Disamba na 2011, wata bakwai kafin sanarwar. Shekara takwas na farko suna wuyan wanda ya yi algus, huɗun ƙarshe kuwa suna wuyan kwamitin.